Zubi, La'ada da Ƙwai a Baka: Amsoshi kan Kalmomin Gasar Fantasi ta Kuɗi

Wani ɗalibi da ke karatu a Amurka ya rubuto: "Malam, abokaina suna gasar fantasi ta kullum a kamfanonin intanet na DraftKings da FanDuel. Akwai rukunin da suke kira kash-gem, wanda ya ƙunshi 50/50 da wasu iri biyu. Yaya za mu kira su da Hausa, kuma mene ne bambancinsu?"

Ɗana, sai an san abu ake raɗa masa suna. A wannan gasa ana ba mutum kuɗin boge masu iyaka, dala 50,000 a DraftKings, ya sayi tawagar 'yan wasa na gaske da su daga wasannin rana ɗaya ko mako ɗaya. Abin da suka yi a fili shi ake mayarwa maki. Kuɗin shiga kuwa na gaske ne. Rukunin da ka ambata shi ne wanda kusan rabin masu shiga ke cin kuɗi, kuma kowa kasonsa ɗaya, na farko bai fi na arba'in ba. Kishiyarsa ita ce babbar gasa, inda 'yan ƙalilan na sama ke kwashe kusan komai. Saboda haka "gasar kuɗi" bai wadatar ba, tunda duka biyun da kuɗi ake yi. Na fi son "gasar kaso ɗaya".

Iri na farko mu ce masa "rabi da rabi". Mutum 100 sun biya dala 10 kowanne, an tara 1,000. Kamfani ya cire 100, mutum 50 na sama suka raba 900, kowa dala 18. Na biyu "ninki": wanda ya ci zai karɓi dala 20 cif, amma don lissafin ya fita sai a rage masu ci zuwa 45 ko ƙasa da haka. Na uku "gaba da gaba": mutum biyu kacal, kowa ya sa 10, mai maki mafi yawa ya ɗauki 18. Wasu na cewa "kai da kai", amma wannan kwafar Turanci ce, kuma a kunnen Bahaushe "kai da kai" na iya nufin mutum shi da kansa. "Gaba da gaba" tamu ce tun a fagen dambe da kokawa.

Wata mai karatu ta tambaya ko za a iya kiran kuɗin shiga "zubi", da kuma sunan abin da kamfani ke cirewa.

Malama, zubi kalmar adashe ce, kuma tana ɗauke da alkawari: duk wanda ya zuba zai ɗauka idan kwasarsa ta zo. A nan rabin masu biya ba za su sake ganin kuɗinsu ba. Wanda ya kira shi zubi ya sa wa abin rigar da ba tasa ba. A ce "kuɗin shiga" kawai.

Abin da kamfani ke cirewa kuwa la'ada ce, irin ta dillali a kasuwar shanu, wanda ke samun nasa ko mai saye ya dace ko bai dace ba. "Kamasho" ma ta shiga Hausa kuma ana fahimtarta. La'adar nan ita ce zuciyar lissafin. Idan ana biyan 10 a karɓi 18, wanda ke cin rabin gasanninsa yana cikin asara: gasa goma, ya kashe 100, ya ci biyar, ya karɓi 90. Kafin ya mayar da uwar kuɗinsa sai ya riƙa cin kusan 56 cikin kowace 100. A ninki cin rabi ya isa a tashi ba riba ba faɗuwa, sai dai layin da za a tsallake, wato makin da ke raba masu ci da masu faɗuwa, ya fi tsayi. La'adar ba ta ɓace ba, wuri ta sake.

Tambaya ta uku ita ta fi jan hankalina: "Malam, an ce mini karin maganar da ta dace da gasar kaso ɗaya ita ce 'ƙwai a baka ya fi kaza a akurki'. Haka ne?"

Ma'anar karin maganar ita ce ƙaramin abin da ke hannu ya fi babban da ake sa rai, domin kazar akurki muzuru ko cuta na iya riga ka. Na ga abin da ya sa aka kawo ta: dala 18 da mutum ɗaya cikin biyu ke samu ta fi kusa da hannu fiye da miliyan da mutum ɗaya cikin dubbai ke ci. Amma ban yarda ta dace ba. Ƙwan da ke baka shi ne dala 10 da ba a biya ba tukuna. Da zarar an biya, komai ya koma akurki.

Kuma akurkin ba iri ɗaya ba ne. A ɗauka mutum yana da dala 200 da tawaga ɗaya. Idan ya saka ta a rabi da rabi guda 20, sakamakon kusan ɗaya ne a ko'ina, domin layin tsakiya ba ya bambanta sosai daga wannan gasa zuwa waccan. Ko ya tashi da 360, ko ya tashi hannu wofi. Idan kuwa ya saka ta a gaba da gaba da mutum 20 daban-daban, sakamakon zai bi ƙarfin tawagar. Ranar da ta fi kashi 60 cikin 100 na tawagogin jama'a, zai ci wajen 12, ya karɓi 216, ribar 16 kacal, alhali rabi da rabi da ta ba shi ribar 160. Ranar da ta fi kashi 40 kawai, zai ci wajen 8, ya karɓi 144, asarar 56 maimakon 200 gaba ɗaya. Rana mafi koyarwa ita ce wadda tawagar ta fi kashi 52: rabi da rabi ta biya duka, ninki ya cinye masa kuɗinsa duka, gaba da gaba ta bar shi da asarar kusan 20. Tawaga ɗaya, maki ɗaya, sakamako uku.

Wannan sassauci na gaba da gaba yana da sharaɗi, wato abokan karawar su bambanta kuma su zama na tsaka-tsaki. A nan ake tuntuɓe. Ƙwararru masu lissafi da kwamfuta suna buɗe ɗaruruwan irin wannan gasa, kuma suna ɗauke waɗanda sababbin shiga suka buɗe. Idan mutum ɗaya ya karɓi gasa 20 ɗin duka, an koma ci duka ko faɗi duka, kuma da wanda ya fi ka. Shi ya sa masana ke duba alamar gogewa da ke jikin sunan abokin karawa, suna kuma taƙaita sau nawa mutum ɗaya zai iya karawa da su. A ninki ma haka: inda aka yarda mutum ya shiga sau da yawa, ƙwararre kan cika gurabe da tawagarsa guda, layin ya ɗaga. Gasar da kowa ke shiga sau ɗaya ta fi sauƙi, kuma mai yawan jama'a ta fi ta mutum goma, domin ƙwararru uku cikin goma sun riga sun kusa cinye guraben biyar. Karin maganar da ta dace da wannan wuri ita ce "ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare", domin daren farko ba ya nuna gwani, sai an yi makonni.

Wani ya ce ko "ba a fafe gora ranar tafiya" ta shafi zaɓen tawaga. Ta shafi rabinsa. Binciken wanda ke samun mintuna da yawa a fili, wanda makinsa ba ya faɗuwa ƙasa warwas, aikin tun da wuri ne, kuma irin wannan ɗan wasa ake nema a gasar kaso ɗaya. Amma a ƙwallon kwando na NBA sanarwar wanda ba zai buga ba kan fito dab da fara wasa, kuma ɗan wasa ɗaya mai sifili ya isa ya jefa tawaga ƙasan layi. Gorar a fafe ta da wuri, a sake leƙa ta kafin a rufe zaɓen 'yan wasa.

Mutum uku sun yi tambaya ɗaya: wannan caca ce ko wasa?

Amurkawa kansu sun yi jayayya a kai. Dokar tarayya ta 2006 kan cacar intanet ta ware gasar fantasi daga hukuncinta. A 2015 hukumar kula da caca ta jihar Nebada ta ce caca ce mai buƙatar lasisi, babban lauyan jihar Niyok ya umarci kamfanonin biyu su daina karɓar kuɗi, sannan jihar ta halatta ta da doka a 2016. Hujjar kamfanonin ita ce akwai gwaninta a ciki. Gaskiya akwai. Sai dai kalmar "caca" a Hausa ba ta taɓa dogara da rashin gwaninta ba. Karta ma tana da gwanaye, amma da zarar an aza kuɗi, wanda ya ci ya kwashe na wanda ya faɗi, sunanta caca, mai yi kuma ɗan caca. Da wannan kalma masu tafsiri ke fassara "maisir" a aya ta 219 ta Baƙara da ta 90 ta Ma'ida. Fatawa ta malaman fiƙihu ce, amma ta fuskar harshe ba na ganin wata kalmar da ta fi wannan dacewa da duk iri ukun. Fantasy Premier League da matasanmu ke bugawa tsawon kaka kuwa shigarta kyauta ce, fam miliyan 100 ɗin da ake sayen 'yan wasa 15 da su na boge ne, don haka "wasa" ko "gasa" ta ishe ta, muddin abokai ba su haɗa kuɗi a gefe don mai nasara ba.