Shafukan jeranta tarihi don ɗalibai

Malama, kin tambayi shafukan da ke jera tarihi shekara bi shekara don ɗalibanki na Tudun Wada. Ki fara da GeaCron. Da kin rubuta shekara sai taswirar duniya ta sauya, ki ga iyakokin daulolin lokacin. Histography kuwa daga Wikipedia yake kwaso bayanai, kowane aukuwa ɗigo guda, amma ya fi daɗi a kwamfuta.

Sai dai fa tarihin Zazzau ba zai ƙosar da ke a can ba. Gara ku haɗa naku da TimelineJS, kyauta ne, Google Sheets kawai za ku cike: jihadi 1804, Turawa sun ci Kano 1903, kafa Jami'ar Ahmadu Bello 1962. Hoton ganuwa da Ƙofar Doka kuwa, yaran su ɗauko da waya.