Yarona ya haddace jadawalin sau, amma lamba biyu da lamba biyu ta gagare shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aji huɗu na firamare. Ya haddace jadawalin sau har gidan 12, ko daga barci aka tashe shi zai kawo. Amma da aka ba shi 47 sau 23 sai ya rubuta 235. Na gaya masa a layi na biyu ana fara sa sifiri, ya yi daidai ranar, washegari ya koma gidan jiya. Me zan yi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Amsar da ya bayar ta nuna inda gizo ke saƙa. Ya ninka 47 da 3 ya samu 141, daidai. Ya ninka 47 da 2 ya samu 94, shi ma daidai. Ya tara ya samu 235. Haddarsa lafiya lau take. Abin da bai shige shi ba shi ne 2 ɗin da ke cikin 23 ashirin ce. Muddin yana ganinta a matsayin biyu, sifirin nan wata doka ce kawai da aka ɗora masa ba dalili, shi ya sa take zubewa da ya kwana.

Ki ajiye biro tukuna. Ki ce masa akwai gona mai kunya 23, kowace kunya da masara 47. A kunya uku, masara nawa? Zai ce 141. Saura kunya nawa ba a ƙirga ba? Da bakinsa zai ce ashirin. To a kunya goma, masara nawa ke nan? 470. Ashirin fa? 940. Nan zai ga sifirin ya fito da kansa, ba wanda ya ce ya saka. 940 da 141 sun ba da 1081.

Daga nan ki zana masa akwati, ki raba shi gida huɗu. A sama ki rubuta 40 da 7, a gefe 20 da 3. Ya cika kowane gida: 800, 140, 120, 21, sannan ya tara. Ni wannan hanya na fi so ga mai farawa, domin babu riƙe lamba a ka, kuma in ya tsallake wani gida zai gan shi fayau babu komai a ciki. Ya yi mako ɗaya ko biyu a kanta, lissafi uku a rana ya isa. Sannan ki jera akwatin da hanyar makaranta gefe da gefe, ya gano da idonsa cewa 120 da 21 su ne layin farko, 800 da 140 kuma layi na biyu. Hanyar makaranta dai dole ya iya ta, ita ce ta fi sauri a jarrabawa.

In yana son wasa, akwai hanyar mutanen Masar ta dā, wadda ke cikin takardar Rhind, wata tsohuwar takardar lissafi da aka kwafa wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ninki biyu kawai ake ta yi: 47, 94, 188, 376, 752, wato sau 1, 2, 4, 8 da 16. Tunda 23 ita ce 16 da 4 da 2 da 1, sai a tara 752, 188, 94 da 47, a bar 376. Amsa 1081 ce dai.

Wasu malamai kan koyar da gwajin tara (9) don duba amsa, inda ake harhaɗa lambobin da ke cikin adadi har su koma lamba guda tilo. Kada ki dogara da shi a nan. 1081 tana komawa 1, ita ma 235 tana komawa 1, don haka kuskuren ɗanki zai wuce ta gabansa salin alin. Kintace ne ke kama shi. Kafin ya taɓa takarda ki tambaye shi 50 sau 20 nawa ne. Da ya ce 1000, shi da kansa zai yamutsa fuska in ya ga 235 a ƙasa.

Ki kuma saya masa littafin lissafi mai gida-gida, kowace lamba a gidanta. Yara da yawa lissafinsu daidai ne, jerin ne ke karkacewa har gomomi su faɗa ƙarƙashin ɗaruruwa lokacin tarawa.