Tambaya da Amsa: Ɗanyen Kutse a Na'urar Gem

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ya aiki. Ni ina da ɗan shagon gem ne a ƙauyenmu nan gefen Ringim, PS2 guda uku da PS3 ɗaya babba irin ta farko, ta hannu na saya bara bayan na sayar da riɗi. Yara na buga bal da yamma in an taso daga islamiyya, ran kasuwa kuwa har dare. To wani abokina ne ya turo min fayil ta Xender yace sabon kutse ne, wato manhajar da ke cire wa na'ura takunkumin kamfani, wai in na saka PS3 ɗin zata ci kowane gem ba sai na riƙa kaita birni ba, amma a jikin sunan naga an rubuta beta kuma shi kansa bai gwada a tasa ba. Ni dai hannuna ƙaiƙayi yake. In saka?
Sabi'u, daga yankin Ringim

Amsa: Wa'alaikumus salam Sabi'u. Kar ka saka. Beta ɗin nan da ka gani, wato manhajar gwaji, mai abin ne da bakinsa yake gaya maka tuwon bai nuna ba, abokin naka kuma so yake a gwada zurfin ruwa da ƙafarka.

Kutse ba iri ɗaya bane. Wanda ke kan PS2 ɗinka, Free McBoot, a memori kad yake zaune, in ya rikice ka zare kad ɗin na'ura ta tashi lafiya lau kamar ba'ayi komai ba. Shi kuwa irin na PS3 da ake canja mata manhajar ciki gaba ɗaya, rubutu yake a wani ɗan guntun cif da ke manne a jikin bod, kuma daga nan take karanta yadda zata tashi. In aka rubuta shirme a wurin, ko ana tsaka da rubutun injinka ya yi tari mai ya ƙare, shikenan, zaka danna ta yi ƙara fitila ta kawo, talabijin baƙi ƙirin, yara sun zuba maka ido da fad a hannu. Turawa cewa suke ta zama bulo, kuma wallahi sunan ya dace, sai dai a tokare ƙofa da ita. Gyaranta sai an kwance ta an jona wata na'urar filashin a jikin cif ɗin, shi ma sai in tun farko an kwafi abin da ke ciki an ajiye, don kowace PS3 akwai bayanan da nata ne ita kaɗai, baka aron na maƙwabci.

Kuma ba tatsuniya bace. A Disambar 2010 wasu da ake kira fail0verflow suka nuna a wani taro a Balin ta Jamus cewa Sony masu PS3 sun yi katoɓara, lambar da ya kamata ta riƙa canjawa duk sanda za'a sa wa manhaja hatimi sai suka barta guda ɗaya. Janairun 2011 wani ɗan kutse George Hotz ya saki mabuɗin hatimin a intanet, Sony ta maka shi kotu, sai kowa ya shiga rige-rigen fitar da nasa. Cikin wannan gaggawar wani mai suna Waninkoko, wanda ba ɗan koyo bane don ya yi suna tun a kutsen Wii, na'urar gem ta Nintendo, ya saki nasa a kan manhajar PS3 mai lamba 3.55, ya kashe tsofaffin manyan PS3 masu cif ɗin NAND da dama, ƙila taka ma 'yar gidansu ce. To wannan fa an san wanda ya yi. Naka fayil ɗin da ya biyo waya goma kafin ya iso ka, wa ya san asalinsa? Tun 2005 an taɓa yaɗa wani na bogi wai mai mayar da PSP, 'yar gem ɗin hannu ta Sony, kan tsohuwar manhaja ne, ashe goge mata fayilolin tashi yake.

In dole sai kayi, duba lambar da ke bayan na'urar mai farawa da CECH, ka tabbatar kutsen na irinta ne, ka ɗauko daga wurin masu shi na asali, a kwafi cif ɗin a ajiye wuri biyu, kuma a yi shi kan batirin sola da ya cika ba kan inji ba. In baka iya ba, kuɗin mota zuwa Kano ya fi kuɗin wata PS3 sauƙi, amma duk mai gyaran da yace kwafin ɓata lokaci ne ka ɗauki kayarka ka fito.

Tambaya: Salam Yaya. Ni ɗalibi ne, da kwamfutar yayana nake koyon rubuta manhaja, na haɗa wasan dara da ke tashi a PS2 ta filash, bai gama kammala ba don wani lokacin yana sandarewa in an ci ɗa. Ina so in sa kod ɗin a GitHub, shafin da ake ajiye kod, kowa ya gani, ɗan baffana kuma yace in ɓoye kar 'yan birni su sace su sayar. Wanne ya fi?
Nura, daga wani ƙauye a Bichi

Amsa: Kai Nura ka burge ni, dara a PS2! Ka gaida ɗan baffan naka amma lissafinsa ya ɗan karkace. Mai son sayar da wasanka baya buƙatar kod, fayil ɗin da aka gama kawai zai kwafa a filash ya karɓi na shayinsa, ko ka ɓoye ko ka buɗe duk ɗaya. Abin da ɓoyewar zata hana shine wanda zai duba ya gano maka dalilin sandarewar nan.

Ka duba OPL, manhajar da ke tada gem a PS2 ba da faifai ba, da shagunan gem ɗinmu ke cin abinci da ita. PS2 tun 2000 ta fito, har yau ana gyara OPL ana ƙara mata abubuwa saboda kod ɗin a fili yake, wani ya gaji ya tafi wani ya ɗora daga inda ya tsaya. Kayan aikin da kai kanka ka haɗa darar da su ma haka ka same su kyauta a buɗe.

Ba wai masu ɓoyewa duk mugaye bane. Waɗanda suka yi Homebrew Channel, manhajar kutsen Wii, sun riƙe kod ɗinsu shekaru sai 2016 suka saki, uzurinsu kar Nintendo ta toshe ƙofar kuma kar 'yan damfara su juya shi, har gargaɗi suke sawa a allo cewa in ka biya kuɗi an cuce ka. Wannan na fahimta. Inda nake tsoro shine in ɓoyewa ta haɗu da neman kuɗi. A 2014 masu sayar da katin kutse na Gateway na 3DS, 'yar gem ɗin hannu ta Nintendo, suka dasa wani kod a ɓoye da ke kashe na'urar wanda aka samu da katin jabu, wato faɗansu da masu kwaikwayonsu amma yaron da ya saya bai sani ba shi ya kwana ciki. Wasu da ake kira Team Xecuter ma rufaffen kutse mai suna SX OS suka riƙa sayarwa na Nintendo Switch, ga wani mai suna Atmosphère a gefe kyauta a buɗe, ƙarshe ɗaya daga cikinsu Gary Bowser aka yanke masa wata 40 a Amurka a 2022, manhajar ta tsaya cak don ba mai kod ɗin da zai ci gaba, waɗanda suka biya kuɗi suka koma wa ta kyautar.

Buɗewa dai ba laya bace, ana iya sa kod a fili shekara ba wanda ya leƙa, kuma kwaro na ciki. Amma ni duk abin da zai taɓa cif ɗin na'ura in ba'a ganin cikinsa gabana faɗuwa yake. Darar ka ba ta taɓa komai, iyakarta ta sandare a kashe a kunna. Ka saka ta, ka haɗa da lasisi irin GPL don duk wanda ya gyara ya raba shi ma dole ya buɗe nasa, ka rubuta sunanka a allon farko, sannan ka faɗa ƙarara da Hausa da Turanci cewa bata kammala ba ga inda take tsayawa. Kuma ka turo min in gwada, na kwana biyu ban ci kowa a dara ba.

Tambaya: Malam PS4 ɗina tana kan manhaja mai lamba 9.00 da kutse, kullum sai ta dame ni wai in sabunta, kuma jiya ana saka filash ɗin kutsen ta mutu da kanta.
Habu, Ɓaɓura

Amsa: Kar ka danna, in ta hau sama bata saukowa ta hanyar da ni da kai zamu iya. Ka shiga saitin ka kashe saukarwa ta atomatik, kar kuma ka shiga PSN, dandalin intanet na Sony, da ita. Mutuwar da ta yi halin kutsen ne, baya zama dindindin kuma wani lokacin yana kuskure. Ka kunna ta da maɓallin jikinta, ka barta ta gama duba had disk ɗinta, kar ka fizge waya, sai ka sake gwadawa.