Amsoshin Tambayoyinku: Zan Fara Yoga, Me Zan Saya, Wa Zan Bi?

Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan yoga ne, wato motsa jikin nan na miƙe-miƙe da daidaita numfashi, kuma yawancinsu tambayar kuɗi ce: wace shimfiɗa, wane kaya, a biya malami ko a bi waya. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, na ɗan taƙaita wasu.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar ofis ce a Kaduna, wuni nake a kan kujera, bayana ya fara damuna. Na duba shimfiɗun yoga a intanet, wasu sirara, wasu masu kauri kamar ƙaramar katifa, farashin kuma ya bambanta nesa ba kusa ba. Wacce zan saya? Ko dardumar gida ma ta isa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Cikin duk kayan da ake tallatawa da sunan yoga, shimfiɗa ce kaɗai nake ganin ta cancanci ki kashe mata kuɗi, kuma abin da za ki nema a jikinta shi ne riƙo, ba laushi ba. Aikinta ta hana tafin hannu da tafin ƙafa zamewa. Darduma da tabarma a kan tayil guduwa suke yi da mutum, kina dafa hannu ki tura jiki baya sai su tafi gaba. Idan ɗakinki kafet ne a manne, kina iya farawa a kansa ba takalmi ba safa, har ki ga ko abin zai ɗore.

In za ki saya, nemi mai kaurin milimita 4 zuwa 6. Masu kaurin nan na milimita 10 ko 15, na soso mai taushi da ake rubuta wa NBR, su suka fi jan idon sabon shiga, domin kowa yana ganin kauri shi ne inganci. An yi su ne don atisayen kwance. Da kin tsaya da ƙafa ɗaya a kai, sawunki zai nutse, idon sawu ya yi ta rawa, wuyan hannu ma ya sha wahala. Idan gwiwa ce ke miki zafi a ƙasa, ninka tawul ki sa a ƙarƙashinta, ya fi ki sayi katifa.

Abin da aka yi shimfiɗar da shi iri uku ne aka fi samu. Ta PVC, wato wani nau'in robar masana'anta, ita ce mai araha, kuma tana daɗewa, sai dai sabuwarta kan zo da ɗan santsi, wanda ke raguwa in an goge ta da ruwa da sabulu kaɗan aka yi ta amfani da ita. Ta TPE, ita ma robar masana'anta ce, ba ta da nauyi, kuɗinta tsaka-tsaki. Ta ɗanyen roba ta fi su riƙo, ta fi su tsada da nauyi, tana da wari tana sabuwa, rana kuma tana lalata ta, don haka ba a barin ta a bayan mota ko a kan igiyar shanya da tsakar rana. Wadda jikinta ba ya shiri da safar hannu ta roba irin ta asibiti, ta guje mata. Tsawon da aka saba shi ne santimita 173 ko 183, faɗi 61. In ke doguwa ce, ɗauki mai 183.

Na fi son ki je shago da ƙafarki. Ki sa a warware miki ita a ƙasa, ki ɗan jiƙa tafin hannunki da ruwa, tunda gumi za ki yi a kanta, ki dafa da ƙarfi ki tura gaba. In hannun ya zame, ko ita kanta ta ja a kan tayil, ki mayar. Sannan ki danna ta da babban yatsa ki ɗaga: mai kyau nan take take dawowa, maras kyau kuwa ramin zai daɗe yana kallon ki. Ta PVC ko TPE mai milimita 5 ko 6 ta ishe ki shekarar farko.

Game da bayan naki, a 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta American College of Physicians ta sa yoga cikin abubuwan da ake fara gwadawa kafin magani ga mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Amma idan ciwon yana sauka ƙafa da dindiris, ko ƙafar tana rauni, asibiti za ki fara zuwa, a duba ki a sashen gashi kafin ki miƙa komai. In kuwa har riƙe fitsari ya fara gagara, wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi.

Tambaya: Malama, ni magidanci ne a Damagaram. Likita ya ce in riƙa motsa jiki, wani abokina ya ce in gwada yoga. Amma na ji an ce bautar Indiyawa ce. Musulmi zai iya yi?

Amsa: Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma ba na son masu amsa ta da cewa "ai motsa jiki ne kawai" su wuce. Yoga daga Indiya ta fito, tushenta yana cikin addinin Hindu, tana da alaƙa da na Buddha da na Jain, kuma a asalinta hanya ce ta horar da rai, zaman jiki yanki ɗaya ne kawai daga cikinta. Irin wadda ta bazu a duniya yau, ta miƙe-miƙe da tsayuwa iri-iri, mafi yawanta a ƙarni na 20 aka tsara ta. Wani malamin yoga mai suna Krishnamacharya ya koyar a fadar sarkin Mysore da ke Indiya a shekarun 1930, almajiransa irin su B.K.S. Iyengar da Pattabhi Jois suka kai ta Turai da Amurka. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, bisa shawarar Indiya, aka fara bikin a 2015.

Malaman wasu ƙasashen Musulmi sun duba batun. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abubuwan addinin Hindu da ke cikinta. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta rarrabe: ta haramta wadda ake haɗawa da rera kalmomin bauta da al'adun ibada, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Ni ba mai ba da fatawa ba ce, ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa, amma ka kai masa bayanin dalla-dalla, kada ka tsaya a suna. Ka nuna masa abin da za ka yi.

Abin da nake gaya wa masu tambayata shi ne su san abin da za su tarar. Akwai masu buɗe darasi da rera "om", wata kalmar ibada ta addinin Hindu, akwai masu haɗa tafin hannu su sunkuya wa juna, akwai jerin motsin da sunansa ma gaisuwa ga rana. Duk waɗannan ana iya barin su ba tare da jiki ya rasa komai ba. In kuma zuciyarka ba ta kwanta ba ko bayan haka, kada ka tilasta mata. Atisayen miƙa jiki da ma'aikatan sashen gashi ke koyarwa, da wanda ake kira Pilates, suna ƙarfafa baya da ciki, kuma babu wannan tarihin a tare da su.

Tambaya: Anti, ni ɗaliba ce a Zariya. In biya kuɗin aji ne ko in bi YouTube? Kuma sunayen sun rikita ni, wai Hatha, Vinyasa, Ashtanga.

Amsa: 'Yata, mai lafiya lau, matashiya, tana iya farawa da waya. Kada ki biya wa wata manhaja kuɗin shekara tun ba ki san ko za ki ɗore ba, na kyauta sun ishe ki. Nemi bidiyon da aka rubuta na masu farawa ne, na minti 15 zuwa 20, ki sauke biyu ko uku lokacin da data ke araha, ki yi ta maimaita su. Maimaici shi ke koyar da jiki. Mai sauya bidiyo kullum kallo take yi, wuyanta a karkace wajen waya.

A sunayen, Hatha za ki nema, ita ce ake yi a hankali, a tsaya a kowane zama a yi numfashi. Vinyasa ana haɗa motsi da motsi ba tsayawa, sai kin san zaman ɗaya bayan ɗaya tukuna. Ashtanga jeri ne tsayayye mai wahala, ba ta farkon shiga ba ce. Ta Iyengar tana da kyau ga mai son a gyara masa tsayuwa daki-daki, amma sai da malami. Akwai kuma wadda ake yi a ɗakin da aka ɗumama har kusan digiri 40. Mu da muke ganin wannan zafin kyauta a watan Afrilu, ba na ba kowa shawararta, haɗarin jiri da ƙarewar ruwan jiki ya fi amfaninta ga sabon shiga.

Inda waya ta gaza shi ne ba ta ganin ki. In kin samu mai koyarwa mace a kusa, ki biya na zama biyu ko uku kawai ta duba yadda kike ajiye gwiwa da kafaɗa. Takardar horon awa 200 da yawancinsu ke nunawa matakin farko ne, ba lasisin asibiti ba ne. Abin da zai nuna miki ta san aikinta shi ne ta fara tambayar lafiyarki kafin ku soma, kuma ba ta danna ki da ƙarfi don ki kai ƙasa.

Tambaya: Mahaifiyata ta haura shekara 60, tana da hawan jini da ciwon gwiwa, har sallah a zaune take yi wani lokaci. Ina so in saya mata shimfiɗa ta fara. Ya dace?

Amsa: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya yi maka albarka da wannan kulawa. Ka ajiye kuɗin shimfiɗar tukuna. Wadda durƙuso ke wahalar da ita, sauka ƙasa da tashi ma aiki ne. Kujera take bukata, mai ƙarfi, maras taya, a jingine da bango. A kanta za ta zauna tsaye da baya, ta ɗaga hannuwa tana shaƙar iska, ta sauke tana fitarwa, ta juya kafaɗa a hankali dama da hagu, ta miƙe ƙafa ɗaya ta riƙe na ɗan lokaci ta sauke. Wannan na ƙarshe yana ƙarfafa naman cinya, shi kuwa shi ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Daga baya ta tsaya a bayan kujerar ta riƙe ta, ta ɗaga dunduniya ta sauke.

Ranar da za ta koma ganin likita, ka raka ta ka gaya masa. Mai hawan jini ba ta riƙe numfashi, ba ta zaman da kai ke komawa ƙasa da ƙirji ya daɗe. Haka ma mai hawan jinin ido, domin sunkuyar da kai ƙasa yana ƙara matsi a cikin ido. Kuma don Allah kada wani ya ce mata ta samu yoga ta ajiye maganinta. Wannan maganar tana yawo, kuma tana da haɗari ƙwarai. Masu juna biyu da suka aiko da irin wannan tambayar, ku fara da ma'aikaciyar awo, ku bar kwanciya rub da ciki da matse ciki, kuma in cikin ya tsufa kada ku daɗe a rigingine.

Tambaya: Dole ne sai na sayi matsattsun kayan nan da nake gani a hoto? Da bulo da ɗamara?

Amsa: A'a 'yar'uwa. Wando mai yalwa wanda ba zai harɗe ki ba, da rigar auduga da za ki cusa a ƙugu don kada ta zubo miki a fuska in kin sunkuya, shi ke nan. Zani dai ba zai yi ba. Ɗankwali mai tsawo yana yin aikin ɗamara, wato wadda ake riƙo ƙafa da ita in hannu bai kai ba, matashin kai ko bargo a ninke yana ɗaga zama. Bulon soso yana da amfani in hannu bai kai ƙasa ba, amma kujera ko bakin gado suna tare wannan gurbin a watannin farko.

Tambaya: Yaya, gaskiya don tumbi nake so in fara. Zai sauka? Kuma da me zan soma, wane lokaci?

Amsa: Ƙanena, yoga mai sanyi ba ta ƙona kitse sosai, kuma babu motsin da ke zaɓar kitsen ciki shi kaɗai ya narkar. Tumbi yana sauka ne da gyaran ci da sha, musamman lemon kwalba da shayi mai suga, tare da tafiya da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Yoga za ta ba ka sakin jiki, ƙarfin baya da ciki, kuma mutane da yawa suna jin daɗin barcinsu da ita. Ka haɗa ta da tafiya.

Lokaci mafi dacewa a wurinmu shi ne bayan asuba, kafin kari, kafin rana ta ɗaga. In da yamma ne, ka bar awa biyu ko uku bayan cin tuwo. Da hunturu jiki a sandare yake tashi, sai ka fara zagaya tsakar gida na minti biyar. Da azumi ka mayar da ita bayan an sha ruwa ciki ya lafa.

Ka fara da minti 15, kwana uku a mako. Durƙusa da hannuwa da gwiwoyi, hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, ka shaƙi iska kana sakin ciki ƙasa kana ɗaga ƙirji, ka fitar kana tura gadon baya sama, sau takwas. Koma baya ka zauna kan dunduniya, goshi a ƙasa ko a kan matashi, numfashi biyar. Kwanta rigingine, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama ka tsaya a haka har numfashi uku yana shiga yana fita, ka sauke, sau biyar. Tashi ka tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango, ka sauya. Ka rufe da kwanciya shiru minti uku. Duk ta hanci za ka riƙa numfashi. Jan jijiya a cinya ko a baya ba komai ba ne, amma sara mai kaifi a gwiwa, wuya ko ƙugu, ko dindiris, ko jiri, alama ce ta ka dakata nan take. Tsayuwa a kan kai da naɗe ƙafafu kan cinya da kake gani a hotuna, ka bar su sai ranar da malami yake tsaye a kanka. In ka yi wata guda a haka ba ciwo, ka ƙara minti biyar da kwana ɗaya.