An ce kakana ya je yaƙin Bama: me ya sa ban ga sunansa a intanet ba?

Saƙonni uku da suka shigo wannan makon duk a kan neman tarihin kakanni suke, don haka na haɗa su wuri ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kakana na wajen uba tsohon soja ne, an ce ya je yaƙin Bama (ƙasar Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu) ya dawo, amma ya rasu kafin a haife ni. Na ga wani Ba'amurke a bidiyo ya rubuta sunan kakansa a intanet, sai ga takardar ƙidayar 1950 da sunansa da na matarsa har da sana'arsa. Ni na gwada a shafukan neman asali na Ancestry da FamilySearch ban ga komai ba. Wayata ce ko ni ne ban iya nema ba? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wayarka lafiyarta ƙalau, kai ma ba ka yi kuskure ba. Abin da ba a zuba a rumbu ba, ba a ɗebo shi.

A Amurka duk shekara goma ake ƙidaya, kuma a wancan zamanin malamin ƙidaya yana bi gida-gida yana rubuta sunan kowa da shekarunsa da aikinsa. Dokarsu ta ce a rufe takardun shekara 72, shi ya sa na 1950 sai ran 1 ga Afrilun 2022 aka buɗe su. Ingila shekara ɗari take jira, na 1921 a Janairun 2022 suka fito. Su ma ba su tsira daga asara ba, don gobara ta cinye mafi yawan takardun Amurka na 1890, ta kuma cinye na Ingila na 1931.

Mu a nan labarin daban ne. Ƙidayar 1931 a Arewa yawancinta daga lissafin masu biyan haraji aka ƙiyasta ta. An yi ta 1952 zuwa 1953, aka yi ta 1962 aka soke, aka sake a 1963, aka soke ta 1973, sannan 1991 da 2006. Abin da aka buga daga cikinsu jimilla ce: lardi kaza mutum kaza, maza kaza, mata kaza. Babu shafin da ya saki sunayen mutane gida-gida. Saboda haka duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya ciro maka kakanka daga ƙidayar Nijeriya, riƙe kuɗinka.

Amma kai kana da sa'ar da jikan manomi ko maƙeri ba shi da ita: soja yana da lamba. Kafin ka sake ƙona data, je gidanku na gado ka nemi a buɗe maka adakar tsohuwa. Abin da kake nema ɗan ƙaramin littafin sallama ne daga soja, galibi za ka tarar an naɗe shi a tsumma ko leda tare da rasiɗan haraji. A ciki akwai lambarsa, da bataliyarsa, da ranar da aka ɗauke shi da ranar da aka sallame shi. Na sojojin Nijeriya a wancan yaƙin lambar takan fara da NA, na Gwalkwas (Gana ta yanzu) kuma GC. In ka ga lambar yabo mai siffar tauraro mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, to ita ce ta Bama, ta tabbatar maka da abin da aka faɗa a gida.

Runduna biyu ce daga Afirka ta Yamma ta je can, ta 81 da ta 82. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, ta 82 ta bi ta yankin Arakan, kuma su biyun sun haɗu wajen karɓe Myohaung a Janairun 1945. In ka san bataliyarsa, shiga shafin gidan adana takardun tarihi na Ingila da ke Kew, ma'ajiyar bincikensu sunanta Discovery, kyauta ce. Rukunin WO 172 shi ne na kundin da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum a wancan fagen. Kada ka sa rai da ganin sunan kakanka a ciki, don hafsoshi Turawa aka fi ambata, kuma yawancin kundin ba a ɗora hotonsu ba, sai an biya an kwafo. Abin da zai ba ka shi ne inda bataliyarsu ta kwana a rana kaza, da kogin da suka ƙetare. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda "ya je Bama" kawai ya gada.

Shafin CWGC, na hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila, na waɗanda suka mutu ne kaɗai. Kakanka ya dawo, ba ya ciki. Amma in akwai ƙaninsa ko abokinsa da suka tafi tare bai dawo ba, gwada can. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai bangon da aka zana sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Arewa a cikinsu. In za ka nema, ka tuna yadda Bature ke rubuta mu: sunan yanka sai sunan gari, wane Katsina, wane Sakkwato. Muhammadu zai iya zama Momodu ko Mamadu, Abubakar ya koma Bukari ko Garuba. Rubuta sunan garin a gurbin sunan mahaifi, ka yi ta sauya rubutun. Mutanenmu na Nijar da kakanninsu suka yi wa Faransa soja, nasu shafin shi ne Mémoire des hommes, kuma can sai an bi rubutun Faransanci, Mahamadou, Issoufou, Ousmane.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. In akwai gwaggo ko baffa da ya rayu da shi, wannan tsohon ya fi duk shafukan da na lissafa. Ka je a makon nan, kada ka ce sai hutun Sallah. Sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse, ɗora ta a kan matashi kusa da bakin mai magana, a kashe fanka da rediyo. Fara da faɗin ranar da sunan wanda ke magana. Kada ka tambayi shekara, tsoho ba ya lissafi da 1943. Tambayi wane sarki ne a kan gado. A ƙasar Katsina kuna da ma'auni mai kyau: Sarki Dikko ya rasu a 1944, Usman Nagogo ya gaje shi. In gwaggo ta ce "ya tafi da Dikko, ya dawo ya tarar da Nagogo", ta ba ka shekarun ke nan ba tare da ta sani ba.

Kuma a daren nan ka ɗora muryar a Google Drive, suna ba da gigabait 15 kyauta. Ina nanata wannan ne don ya taɓa ci na. Na zauna da ƙanwar kakata kusan awa biyu tana jero mini sunayen mutanen gidanmu har hawa biyar, tana yi tana gyara kallabi, in ta manta ɗaya sai ta koma farko kamar mai tilawa. Na bar shi a waya. Wayar ta ƙi tashi, na kai wa mai gyara, ya yi mata filashin bai tambaye ni ba. Kafin in sake komawa ƙauye Allah ya yi mata rasuwa. Har yau hawa uku kawai nake iya kawowa.

TAMBAYA: Malam, kakanmu fataucin goro ya kai shi Gwanja, ya zauna a zangon Kumasi ya yi aure, ya dawo gida lokacin da aka kori baƙi. An ce ya bar 'ya'ya a can. Ta yaya waya za ta taimake ni in same su? Daga wata mai karatu a Sakkwato.

AMSA: Hajiya, kina da shekara a hannu. Korar baƙin nan gwamnatin Busia ce ta ba da umarninta a Nuwamban 1969, aka ba marasa takardar zama mako biyu su fice. Ke nan 'ya'yan da ya bari yanzu sun haura shekara 55, kuma akwai kyakkyawan zaton wasu na raye.

Gana tana da gidan adana takardu, PRAAD, a Ankara (wato Accra) da Kumasi da Tamale, amma ba nan zan fara tura ki ba. Zango a tsare yake: akwai sarkin zango, akwai limamai, akwai masu unguwanni, kuma da Hausa ake magana. Ki tattara sunansa na yanka, da laƙabinsa na kasuwa, da sunan maigidan da ya sauke shi, da sunan matar. Laƙabin da sunan maigidan sun fi komai amfani, don da su aka san bafatake. Ki yi saƙon murya gajere a WhatsApp, ki ba 'yan goro na kasuwarku da har yanzu ke da hulɗa da can su tura. A Facebook ma akwai zaurukan mutanen zango. Sai dai kada ki zuba duk abin da kika sani a fili. Ki ɓoye abu ɗaya ko biyu, kamar sunan mahaifiyarsa, don wanda ya ce shi jininku ne ya faɗo da bakinsa. Wanda ya fara da neman kuɗin mota kafin ya kawo suna ko ɗaya, kin san inda ya dosa.

FamilySearch kyauta ne, kuma sun naɗi tarihin zuri'a na baka a sassan Gana da Nijeriya. Ki gwada, ki sa alamar tauraro a ƙarshen suna, kamar Abdul*, don ya kawo duk yadda aka rubuta shi. A can Ibrahim yakan zama Braimah.

TAMBAYA: Na samu hoton kakana guda ɗaya ya dushe, da wata takarda da ya rubuta da ajami. Wace manhaja ce za ta gyara hoton ta kuma karanta mini takardar? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Fara da ɗaukar su yadda suke. Shimfiɗa a inuwa da hantsi, kashe fitilar kyamara, riƙe wayar daidai saman takardar, ka ɗauki gaba da baya, don sau da yawa hatimin mai hoto da sunan garinsa suna bayan. PhotoScan na Google yana rage ƙyallin gilashi. In za ka tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi ya rage masa kyau. Kada ka kai a manne masa leda da zafi, in an yi ba ya warwaruwa.

Manhajojin gyaran fuska irin su Remini ba dawo da abin da ya goge suke yi ba, cikewa suke da ƙiyasi daga dubban fuskokin wasu. Na ga hoton da aka gyara, tsagar gado da ke kumatun tsohon ta ɓace, manhajar ta ɗauka tsagewar takarda ce ta share. Ga mai neman asali kuwa, tsagar nan ita ce shaidar. In ka gyara don ratayewa a falo, ajiye na asalin daban, ka rubuta wa kowanne sunansa.

Ajamin kuma, Google Lens zai ɗauka Larabci ne ya kawo maka shirme, ChatGPT kuma yana iya ƙaga maka fassara mai daɗin ji wadda ba ita ke rubuce ba. Kana Zariya, malaman zaure ba su yi maka nisa ba, ga kuma Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, inda ake adana irin waɗannan rubuce-rubuce. Kai wa malami hoton da ka buga a takarda, asalin ya zauna a gida. Ka naɗi muryarsa yana karantawa, kuma ka roƙe shi ya duba ƙarshen takardar, don nan ake sa shekarar Hijira in an sa. In ya samo ta, turo mini in juya maka ita zuwa ta Miladiyya.