Amsa ga ɗan koyon fassara a kan kalmar “stride”

Ɗana, tambayarka ta iso ni. Ka ce an ba ka rahoton wasan ƙwallo ka juya shi zuwa Hausa, sai ka ci karo da inda aka ce kocin “took the defeat in his stride”. Ka buɗe ƙamus ya ce maka “stride” dogon taku ne, ka rubuta cewa kocin ya ɗauki shan kayen cikin dogon takunsa. Da ka maimaita jimlar a bakinka sai ka ji ba ta zauna ba. Shi ne kake son sanin inda gizo yake saƙar, da kuma dalilin da ya sa kalmar take sauya kama duk inda ka same ta.

Ƙamus bai yi maka ƙarya ba, kuma kunnenka da ya ƙi karɓar jimlar ya yi maka aiki. Na ji daɗin hakan ƙwarai, domin da yawa sukan miƙa irin wannan jimla a karanta ta a rediyo, mai sauraro a ƙauye ya yi ta tunanin ina koci ya nufa da dogon taku.

Asalin kalmar tafiya ce ta mutumin da ya ware ƙafa, yana sauri, ya san inda ya dosa, kuma takunsa yana zuwa daidai da daidai ba tuntuɓe. Turawa sun ɗauki wannan tafiyar sun gina maganganu da yawa a kanta. Wata maganar nisan da aka ci take nufi, wata kuma daidaituwar tafiyar, wata ƙarfin zuciyar mai tafiyar. Aikinka a kowace jimla shi ne ka gano wanne daga ciki marubucin ya ɗauko, sannan ka nemo yadda Bahaushe yake faɗin wannan halin, ko da babu ƙafa ko taku a cikin maganar tasa.

Mu fara da taka jimlar. Idan kana son ka ga abin da idonka, nemi bidiyon tseren da 'yar Nijeriya Tobi Amusan ta yi a birnin Eugene na jihar Oregon a Amurka, cikin watan Yulin 2022, lokacin da ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12 a gudun mita 100 na tsallake shinge. Shinge goma ne a gabanta, kowanne tsayinsa ya kusa santimita 84, tsakanin wannan da wancan kuma mita 8.5. Ka bar kallon shingen, ka zuba ido a ƙafafunta. Taku uku take yi a tsakani, na gaba shi ne yake haye shingen. Ba ta ja birki ta tattara ƙarfi sannan ta daka tsalle irin na mai tsallake kwata. Shingen yana wucewa ne a ƙarƙashin takun da dama can za ta yi, ta sauka ta ɗora daga inda take. Masu bin asalin kalmomi suna cewa daga dokin sukuwa aka samo maganar, dokin da yake haye shinge ba tare da gudunsa ya canza ba. To, wannan shi ne abin da aka ce kocin ya yi da shan kaye: matsala ta zo, ya wuce ta, tafiyarsa ba ta sauya ba.

Yanzu sai zaɓen Hausar, kuma a nan nake so ka natsu, domin muna da maganganu da dama da suke kama da juna amma kowacce da kayan da take ɗauke da su.

Abin da zai fara zuwa bakinka shi ne “ko a jikinsa”. Yi hattara da ita. Idan aka ce an gaya wa mutum ɗansa ba shi da lafiya amma ko a jikinsa, ai zarginsa ake yi da halin ko-in-kula. Ka ɗora wa koci wannan, magoya bayan ƙungiyar za su ji cewa bai damu da an ci su ba, ka jawo masa baƙin jinin da ɗan jaridar bai rubuta ba. “Ya yi ta maza” kuma tana nuna abin ya yi masa ciwo sosai ya cije, alhali maganar Turancin tana nuna abin bai kai ga tayar masa da hankali ba. Sai “ya rungumi ƙaddara”, wadda masu sauraro suke so, ni ma ina sonta, amma ba wurinta ba ne. Tana kawo batun imani wanda rahoton bai ambata ba, kuma tana da ƙanshin saduda, kamar mutum ya sallama ya zauna. In kocin da bakinsa ya ce haka Allah ya ƙaddara, to sa ta. In bai faɗa ba, kada ka faɗa masa.

Ni da zan rubuta, cewa zan yi shan kayen bai girgiza kocin ba, ko kuma bai karya masa gwiwa ba. In abin da ya faru babba ne, kamar a ce an kore su daga gasa, “ko gezau bai yi ba” ta fi cika baki. Duk waɗannan suna bar wa mutumin mutuncinsa, kuma suna nuna yana nan a tsaye kan aikinsa, wanda shi ne zuciyar maganar.

Za ka ga wani lokaci an rubuta “in his stride”, wani lokaci “in stride” kawai. Na farkon salon mutanen Ingila ne, na biyun na Amurkawa. Ma'ana ɗaya ce, kada ka ɓata lokaci kana neman bambanci.

Wadda ta fi damuna ita ce mai jam'i, “make strides” ko “great strides”, domin ita ce take shigowa labaran gwamnati da na lafiya kusan kullum, kuma kuskure a cikinta yana sauya labari ɗungurungum. Hausar jarida ta saba da “ɗaukar mataki”, har hannun mai fassara yana zarcewa can da zarar ya ga wani abu mai kama da taku. Sai ka ga an ce Nijeriya “has made great strides against polio”, an juya shi da cewa Nijeriya ta ɗauki manyan matakai a kan cutar shan inna. Waɗannan labarai biyu ne daban. Ɗaukar mataki shi ne abin da ka yi: ka tura ma'aikatan rigakafi gida-gida, ka ware kuɗi, ka nemi goyon bayan sarakuna da malamai. Kana iya ɗaukar mataki ɗari ba ka matsa ko nan da can ba. Ita kuwa waccan magana tana ba da labarin nisan da aka ci. A batun shan inna nisan a bayyane yake: a jihar Borno aka ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a ƙasar a shekarar 2016, sannan ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yankinta na Afirka ya rabu da wannan nau'in. Saboda haka abin da za ka ce shi ne an samu gagarumin ci gaba, ko an yi nisa a yaƙi da cutar. Lura kuma, maganar ba ta ce an gama ba. Mai dogon taku yana kan hanya ne, bai isa ba tukuna. Kada ka juya ta da “an yi nasara” ko “an kawo ƙarshe” sai in jimlar ta faɗi haka a fili. Haka nan “taka rawar gani” ba ta shiga nan, ita tana yabon gudummawar wani ne a cikin aiki.

Akwai ƙanwarta, “giant strides”, wadda masu rubuta sanarwar gwamnati a Nijeriya suke matuƙar so. Duk inda ka gan ta, duba bakin wa ta fito. In kwamishina ne ko mai magana da yawun gwamna ya faɗa, to bar ta a bakinsa: “a cewar kwamishinan, an samu gagarumin ci gaba a harkar ilimi.” In ka cire “a cewar”, gidan rediyonku ne ya ba da shaidar, kuma mutumin da makarantar garinsu ba ta da rufi yana jinku. Amanar mai sauraro ta fi ƙarfin a yi wasa da ita saboda kalma biyu.

Sauran ba su da wahala haka. “Hit his stride”, ko “get into his stride” a bakin mutanen Ingila, ana faɗinta ga wanda ya fara abu da ɗan dabur-dabur sannan ya daidaita. In ma'aikaci ne ko mai sana'a, ka ce hannunsa ya faɗa, ko ya gane makamar aiki. In ɗan wasa ne a fili, jikinsa ya saki. In kasuwanci ne ko wani shiri, ka ce ya kankama. Kishiyarta ita ce “put him off his stride”, kuma a nan Hausa ta ba ka abu a shirye: ya katse masa hanzari. In rikicewar ta yi yawa har mutum ya kasa komawa kan maganarsa, ka ce ya dagula masa lissafi. “Without breaking stride” kuwa sau da yawa tafiya ce ta zahiri, kamar minista ya fito daga taro 'yan jarida suna jefa masa tambaya, ya amsa yana tafe. Sai ka ce ya ba da amsa bai ko tsaya ba.

“Stride for stride” tana da tarko guda biyu. Kada ka ce ƙafa da ƙafa, domin a wurinmu wanda ya je ƙafa da ƙafa shi ne ya taka da kansa bai aika ba. Kada kuma ka ce kunnen doki, domin wannan sakamako ne bayan an tashi, ita kuwa maganar tana bayyana yadda ake fafatawa ana cikin yi, babu wanda ya bar wa wani tazara. Kafaɗa da kafaɗa ta wadatar.

Idan kalmar ta zo a matsayin aikatau, ka san cewa shuɗaɗɗenta “strode” ne, kada ka neme ta a wani shafi na ƙamus kamar baƙuwa. An ce mutum “strode into the hall”. Na sha ganin an sa masa takun ƙasaita ko taƙama, kuma wannan ya juya hoton. Taƙama tafiyar sarki ce, a hankali, ana jiran ƙafa ta sauka kafin a ɗaga ɗaya. Wannan kuwa da sauri ya shigo, kai tsaye, ba ɗar a ransa. Ka ce ya shigo gadan-gadan, ko ya danno kai zauren da ƙarfin gwiwa. In “strode out” ne bayan an yi cacar baki, ya fice fuu. Jimlolin da suka gabata su ne za su gaya maka ko izza ce ta kawo saurin ko fushi, saboda haka kada ka taɓa juya jimla ita kaɗai ba ka karanta na gabanta da na bayanta ba.

Wani lokaci kuma za ka same ta babu ruwanta da duk wannan. A Ostireliya da wasu unguwannin Ingila “strides” wando ne a bakin 'yan gari. “Stride piano” kuma salon kaɗa fiyano ne da ya bunƙasa a unguwar Harlem ta birnin New York a shekarun 1920, a hannun makaɗa irin su James P. Johnson da Fats Waller, inda hannun hagu yake ta kai-komo tsakanin ƙasan fiyanon da tsakiyarsa. Wannan suna ne, bar shi yadda yake ka ƙara ɗan bayani.

Inda za ka fi buƙatar taka tsantsan bayan batun mataki shi ne inda kalmar ta zama awo. Marubutan wasanni suna ƙirga kowace saukar ƙafa a matsayin “stride” guda. Da wannan lissafin ake cewa Usain Bolt ya cinye mita 100 da taku kusan 41 a birnin Balin na ƙasar Jamus a 2009, ranar da ya yi daƙiƙa 9.58, wato kowane taku ya haura mita 2.4. Amma likitocin ƙashi da masu gashi da motsa jiki a asibiti ba haka suke ƙirgawa ba. A wurinsu “stride” yana farawa daga inda dugadugin dama ya taɓa ƙasa zuwa inda wannan dugadugin dai ya sake taɓawa, wato taku biyu ke nan, guda ɗayan kuma “step” suke ce masa. Haka tsoffin Rumawa suke ƙirga tafiyarsu, kuma irin wannan tagwayen taku dubu ne mil ɗinsu. In takardar asibiti ce a gabanka, ta mai shanyewar ɓarin jiki da ake auna yadda tafiyarsa take dawowa, ka rubuta “tsawon taku biyu”, ko ka bayyana cewa daga saukar ƙafa ne zuwa sake saukarta. In ka rubuta “taku” kawai, ma'aikacin jinyar da zai yi aiki da fassararka zai ɗauka majinyacin yana ware ƙafa ninki biyu na abin da yake iyawa.