Sabuwa mai araha ko tokumbo mai ɗan tsada?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin farko na jami'a. An nuna mini laftof biyu. Ɗaya sabuwa fil a kwali, Celeron, RAM 4GB, ma'adana 64GB. Ɗayar kuma tokumbo ce, HP EliteBook 840 G5, Core i5, RAM 8GB da SSD 256GB, amma ta ɗara sabuwar kuɗi. Babana ya ce sabo ya fi kwanciyar hankali. Wace zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Baba yana da hujja, domin sabuwa tana zuwa da garanti da batir lafiyayye. Amma ke shekara huɗu za ki yi da ita aƙalla, har ki rubuta furojet a kanta. Don haka ki raba kuɗin kowace da shekarun da za ta yi miki aiki, sannan ki kwatanta.

Matsalar sabuwar ba Celeron ba ce kaɗai, wato furosesarta (ƙwaƙwalwar kwamfutar) mai ƙaramin ƙarfi. Irin waɗannan masu 64GB, yawanci ma'adanarsu eMMC ce, an liƙe ta da dalma a jikin bod, sau da yawa ma har da RAM ɗin. Yadda kika saye ta, haka za ta tsufa. Windows 11 da sabuntawarta za su cinye kaso mai tsoka na 64GB ɗin, kuma RAM 4GB, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, shi ne mafi ƙarancin abin da Microsoft ta gindaya wa Windows 11. Ki buɗe Word da shafuka biyar a Chrome, za ki ga ta fara nishi. Abin da ke ci mini rai shi ne, masu ƙaramin ƙarfi su ne ke sayen kwamfuta sau biyu saboda wannan tarkon.

Ita kuwa EliteBook, kamar ThinkPad ta Lenovo da Latitude ta Dell, don ma'aikatan kamfanoni aka ƙera ta. Samfurin G5 ya fito a 2018, yana da gurbin RAM biyu, ana cire ma'adanarta ta SSD a sa babba, ana canza batir da kibod. Da yake an shigo da irinta da yawa, kayan gyaranta ba sa wuya a titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja. Baɗi in kin samu sarari, sai ki ƙara RAM kawai.

Sai dai tokumbo suna suka tara. Ki duba lambar furosesa da idonki: misali, i5-8250U zubi na takwas ce a jerin furosesoshin Intel, lambar farko bayan ɗan layin ita ce shaida. Ba duk G5 ce ke ɗauke da na takwas ba, akwai masu na bakwai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana son zubi na takwas zuwa sama, da TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfutar. Duk rahusar da aka yi miki a kan zubi na bakwai zuwa ƙasa, ki bar musu.

Kafin ki biya, ki je da wanda ya san kan abin. A buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta powercfg /batteryreport, rahoton zai nuna ƙarfin batir na asali da wanda ya rage. Da yanayin wutar Nepa, batirin da ya koma rabi kuɗi ne zai fita daga aljihunki nan kusa, sai a rage shi a ciniki. A shiga BIOS, wato saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi, a tabbata tsohon kamfanin bai kulle ta da kalmar sirri ba. A gwada kowane maɓalli, da kyamara, da ramukan USB. A bar ta tana aiki rabin awa a ji ko tana ɗaukar zafi fiye da kima. Caja ta zama ta asali, kuma mai shago ya rubuta a rasit kwanakin da ya yarda a dawo masa da ita.

In ta tsallake waɗannan, EliteBook ɗin zan ɗauka ko da zan jira wata guda in cika kuɗin. Ki nuna wa Baba wannan lissafin, ki gaishe shi.